Mai Ba da Haushi da Mai Jin Haushi: Sharhi Kan Kalmar "Molesto"



Sharhinmu na yau a kan kalma ɗaya tak zai tsaya, kuma ba ta Hausa ba ce, ba ta Larabci ba, ba ta Turanci ba. Ta harshen Sifaniyanci ce: molesto. Yadda kuka ji ta haka ake rubuta ta, mo-les-to, ana danna gaɓar tsakiya.

Wani zai ce, to ina ruwanmu da ita? Duk mai bin gasar La Liga yana da ruwa da ita, ko ya sani ko bai sani ba. Jaridun wasanni na Madrid, wato Marca da AS, da na Barcelona, Sport da Mundo Deportivo, kullum tana bakinsu. Koci ya cire ɗan wasa ana cikin wasa, ɗan wasan ya wuce benci ko kallonsa bai yi ba, washegari jarida ta rubuta cewa wane "está molesto". Kafin labarin ya iso gidan kallon ƙwallo a Kano ko Maraɗi, ya bi ta Turanci ko Faransanci, ya bi ta wayar wannan da ta wancan, sai ka ji ana cewa wane ya fusata, ya zage koci, ya kama hanyar barin ƙungiya. Alhali abin da aka rubuta tun farko bai kai nan ba. Cewa aka yi ransa ya sosu, bai ji daɗi ba. Tsakanin sosuwar rai da fusata akwai tafiya, kuma a wannan tsakanin ne kalmar tamu take zaune.

Harshen da ake magana a kansa ba ƙarami ba ne. Kusan mutum miliyan 500 ne suka tashi da shi a matsayin harshen uwa. Ƙasashe kimanin 20 ne ke gudanar da mulki da shi, kuma Meziko ta fi kowace ƙasa yawan masu jin sa, har da Sifaniyar kanta. A Amurka sama da mutum miliyan 40 da shi suke magana a gida. Yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya. Mu ma yana kusa da mu fiye da yadda muke zato, domin Ikwatoriyal Gini, wadda ta sami 'yancin kai daga Sifaniya a 1968, da shi take aikin hukuma, kuma tsibirinta na Biyoko yana nan a teku kudu da Kalaba. Akwai Hausawa 'yan kasuwa a Malabo da Bata tun da daɗewa. Ga kuma 'yan'uwanmu da neman abinci ya kai su Sifaniya, suna aiki a gonaki da wuraren gini. Waɗannan ba a jarida suke haɗuwa da kalmar nan ba, a bakin maƙwabci da mai gida da likita suke jin ta.

Molesto sifa ce, kuma tana bin jinsin wanda aka siffanta, kamar dai yadda muke cewa fari, fara, farare. Namiji molesto, mace molesta. A jam'i sun ɗara mu rarrabewa: maza molestos, mata zalla molestas. Asalinta daga Latin ne, daga "molestus", wadda ita kuma ta fito daga "moles", wato ƙaton abu mai nauyi, kaya mai danne mutum. Tana da 'yan'uwa biyu da ba sa rabuwa da ita: aikatau molestar, wato damun wani, da suna molestia, wato damuwar kanta.

Hukumar kula da harshen, Real Academia Española, wadda aka kafa a Madrid a 1713, ta ba kalmar ma'ana biyu a ƙamusunta. Ta farko, abin da ke jawo damuwa. Ta biyu, wanda ke jin damuwar. Ku lura da kyau: mai ba da haushi da mai jin haushi, kalma ɗaya aka ba su. Mu a Hausa mun raba su tun daga aikatau. Wane yana ba da haushi, wane yana jin haushi. Wannan ya dame ni, ni na damu. To su yaya suke ganewa?

Ga inda dabarar take. Sifaniyanci yana da aikatau biyu a gurbin da Turanci da Faransanci suke da ɗaya. Ɗaya shi ne ser, ɗaya estar. Ser yana faɗin abin da mutum ko abu yake, halinsa da ɗabi'arsa. Estar yana faɗin yanayin da ake ciki. Ɗaliban da suka fara da Turanci suna shan wahala a nan, amma Bahaushe bai kamata ya sha ba, domin kunnensa ya saba da bambancin. In na ce wane mafaɗaci ne, na yanke masa hali. In na ce wane yana faɗa, labarin yanzu na ba ka, wataƙila ma mutum ne mai haƙuri da aka ƙure.

To ku saurari jimlolin nan biyu. "Mi vecino es molesto." Maƙwabcina mai damun mutane ne. "Mi vecino está molesto." Maƙwabcina ransa a ɓace yake. Es a ta farko, está a ta biyu, bambancin ke nan kawai. Amma ta farko ƙara ce ka kai, ka ɗora wa mutum laifi. Ta biyu kuwa labari ne, kuma mai yiwuwa kai ne ka ɓata masa ran. Ka ɗauki baƙon da bai daɗe da zuwa ba, mai gidan haya ya ce da shi me ya sa yau ka yi shiru. Yana so ya ce raina ne a ɓace, sai ya ce "soy molesto" a maimakon "estoy molesto". Ya kai ƙarar kansa da bakinsa, ya ce shi fitinanne ne. Haka abin yake a wasu sifofin ma. "Es aburrido", mutum ne mai gundura. "Está aburrido", zaman ne ya gundure shi.

Akwai kuma ƙananan kalmomi biyu da ke bin ta a baya. In kana nufin mutumin da ya ɓata maka rai, sai ka ce con: "estoy molesto con mi hermano", ina jin haushin ɗan'uwana. In dalilin kake nufi, sai ka ce por: "estoy molesto por el ruido", hayaniyar ce ta dame ni. Uwa ma takan faɗe ta a kan jariri mai fitar da haƙori, wanda ya ƙi barci ya ƙi mama: "está molesto". A nan ba fushi take nufi ba, ba kuma zargin yaron take ba. Tana nufin jikinsa ba daɗi, shi ya sa yake rigima.

Akwai wani abu da ya faru a bainar duniya wanda ya haɗa fuskokin kalmar biyu a zaure ɗaya. Ranar 10 ga Nuwamban 2007, a birnin Santiyago na ƙasar Chile, shugabannin ƙasashen Latin Amurka da Sifaniya da Fotugal suna taronsu. Shugaban Benezuwela na lokacin, Hugo Chávez, ya yi ta kiran tsohon Firayim Ministan Sifaniya, José María Aznar, ɗan fasist. Firayim Minista mai ci a lokacin, José Luis Rodríguez Zapatero, duk da cewa Aznar abokin hamayyarsa ne a siyasar gida, ya karɓi magana ya ce a mutunta shi, tunda jama'a ne suka zaɓe shi. Yana magana Chávez yana katse shi, yana magana yana katse shi. Sai Sarkin Sifaniya na lokacin, Juan Carlos, ya leƙo da kai, ya nuna Chávez da hannu, ya ce: "¿Por qué no te callas?" Wato, me zai hana ka yi shiru?

A idon Sarki a wannan lokacin, Chávez "es molesto", shi kuma Sarkin "está molesto". Abin da ya ƙara wa maganar zafi shi ne Sarki bai yi amfani da lafazin girmamawa ba. Sifaniyanci yana da tú, da ake ce wa aboki ko yaro, da usted, da ake ce wa babba ko baƙo, kamar yadda muke ce wa dattijo "ku" maimakon "kai". Da tú Sarki ya yi wa shugaban ƙasa magana a gaban kyamara. Maganar ta zaga duniya, aka buga ta a riguna, aka sa ta ƙarar waya. Sai a watan Yulin 2008 suka sake haɗuwa a tsibirin Mayorka suka shirya, har Sarki ya ba Chávez kyautar riga mai ɗauke da jimlar.

Ɓacin rai hawa-hawa ne a kowane harshe, kuma wanda bai san matakan ba zai riƙa ɗaga ƙaramin abu yana sauke babba. Molesto a Sifaniya tana matakin ƙasa. Mutum ya ji ba daɗi, fuska ta ɗan canza, amma bai ɗaga murya ba. In abin ya kai fushi sosai, mutumin Madrid zai ce enfadado, mutumin Meziko ko Ajantina ya ce enojado, a Kolombiya da Kyuba kuma ka ji bravo. Sai dai a yi hattara, domin a ƙasashe irin Feru da Benezuwela molesto kanta takan hau ta kai matsayin fushi na gaske. Saboda haka in ka karanta ta, ka duba daga wace ƙasa marubucin yake.

Sama da waɗannan akwai harto. Asalin ma'anarta ƙoshi, wanda ya ci har ba wuri. "Estoy harto" ita ce tamu ta "ya ishe ni haka", haƙuri ya ƙare. Sama da ita kuma akwai indignado, fushin wanda ya ga an yi zalunci. Da wannan sunan aka san dubban mutanen da suka fito ranar 15 ga Mayun 2011 suka kuma kafa tantuna a dandalin Puerta del Sol na Madrid, lokacin da rashin aikin yi ya haura kashi 20 cikin ɗari a ƙasar, na matasa kuma ya haura kashi 40. Ba su kira kansu molestos ba, domin abin da ke cin su ya wuce sosuwar rai. Indignados aka kira su.

Akwai wata da nake so Bahaushe ya kiyaye musamman, ita ce pesado. Ma'anarta ta zahiri, mai nauyi. Mu a wurinmu nauyi abu ne na daraja. Ina jin nauyinsa, ba zan iya yi masa musu ba. Su a wurinsu mutum mai nauyi shi ne mai naci, wanda ya maimaita magana har ta gunduri jama'a, wanda in ya zauna ba ya tashi. In aka ce maka "no seas pesado", ba yabon ka aka yi ba, ce maka aka yi ka daina naci.

Yanzu mu koma wajen ladabi, domin a nan ne kalmar ta fi burge ni. Mutanen nan sun ɗauki kalmar damuwa sun mai da ita ƙofar neman izini. Za ka tsayar da wani a hanya ka yi tambaya, sai ka fara da "perdone la molestia", a gafarce ni da na dame ku. Shi kuma ya amsa da "no es ninguna molestia", ai ba komai. Ka je gidan wani ya tashi zai kawo maka abin sha, ka ce "no se moleste", kada ku wahalar da kanku. Wanda ya bar aikinsa ya raka ka har ofishin da kake nema, ana cewa "se tomó la molestia", ya ɗauki ɗawainiyar. Inda duk ake gyaran titi ko aka rufe wata ƙofar tashar jirgi, za ka ga allo an rubuta "disculpen las molestias". A ƙofar ɗakin otal kuma ga ɗan katin nan da ake ratayewa: "no molestar". Duk wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi da "don Allah a yi haƙuri" da "sannu da ɗawainiya". Tushen ɗaya ne: ka san cewa lokacin mutum da natsuwarsa nasa ne, in za ka taɓa sai ka nemi afuwa.

Amma akwai rami a nan. Ka zauna a ɗakin jira na asibiti, kujerar da ke kusa da kai ba kowa. Wata dattijuwa ta zo da sandarta da jakarta, ta tsaya ta ce: "¿Le molesta si me siento aquí?" Kai kuma da tarbiyyarka ta gida, ka yi murmushi ka ce "sí, sí", kana nufin eh, bisimilla. To ka kore ta ke nan. Abin da ta tambaya shi ne, zai dame ku in na zauna a nan? Ka ce eh, zai dame ni. Amsar da ta dace ita ce "no", ko "no, para nada", a'a, ko kaɗan. Da a'a ake cewa bisimilla a wannan tambayar. Ƙaramin abu ne, amma irinsa ne ke sa a yi wa baƙo kallon marar kirki alhali shi karamci ya nufa.

Tunda muna asibiti, bari mu shiga wajen likita. Likitan Sifaniya yakan danna wuri a jikinka ya tambaya: "¿Le duele o le molesta?" Yana yi maka zafi ne, ko dai yana damun ka? A wurinsa dolor daban, molestia daban. Dolor ciwo ne sosai. Molestia ita ce abin nan da ba za ka kira ciwo ba amma kana jin sa, kamar tsakuwa a cikin takalmi. Wanda ciwo ke cin sa ya ce molestia saboda kawaici ko don kada a ce ya cika raki, ya rage wa likita gaskiyar halin da yake ciki. Mu mutane ne masu dauriya, ana tambayar mu jiki mu ce da sauƙi ko da ba sauƙin. A gaban likita wannan ɗabi'ar tana iya cutar da mai ita. In yana zafi, a ce "me duele".

Masu bin ƙwallo kuma, ga taku. In ƙungiya ta ce ɗan wasa bai fito atisaye ba saboda "molestias musculares", ba ta ce ya ji rauni ba. Rauni shi ne lesión. Yagewar tsoka kuma rotura. Molestias tana nufin yana jin wani abu a tsoka, ana lallaɓa shi kada ya zama rauni. Sau da yawa irin wannan ɗan wasan yakan buga wasa na gaba.

Ramin da ya fi kowanne zurfi yana jiran wanda ya zo wa Sifaniyanci ta hanyar wani harshen Turai, kuma yawancinmu ta nan muke zuwa. A Turancin Ingilishi na yau, kalmar "molest" ta koma nufin lalata da mutum ba da yardarsa ba, musamman yara. A Faransanci "molester" tana nufin cin zarafi da hannu, a ture mutum ko a doke shi. Duka ukun uwa ɗaya ta haife su, wato Latin, amma kowace ta kama hanyarta. A Sifaniyanci molestar damu ce kawai. Yarinya ta dawo daga makaranta ta ce "ese niño me molesta", tana nufin yaron nan yana tsokanata, yana ɗauke mini fensir. Ɗan Najeriya da ya ji ta da kunnen Turanci zai ɗauka babban laifi aka yi. Ɗan Nijar da ya ji ta da kunnen Faransanci zai ɗauka dukan ta aka yi. A Kolombiya ma in aboki ya zolaye ka ya ga fuskarka ta canza, sai ya ce "te estoy molestando", wasa nake maka. Kuma abin yana juyawa ta ɗaya gefen, wanda shi ne ya fi haɗari. Matar da aka ci wa mutunci in ta je wajen 'yan sanda ta ce "me molestó", za a iya ɗauka damun ta kawai aka yi. Kalmomin da za su ɗauki nauyin ƙararta su ne acoso, da abuso, da agresión.

Kada wani ya ɗauka irin wannan kuskuren na dariya ne. A 1980, a jihar Fulorida ta Amurka, an kai wani saurayi ɗan shekara 18, ɗan asalin Kyuba, asibiti a sume. Danginsa suka ce yana "intoxicado", suna nufin wani abu da ya ci ko ya sha ne ya lalata masa ciki. Aka ɗauki kalmar da ma'anarta ta Turanci, aka yi masa maganin wanda ya sha ƙwaya ya wuce kima. Ashe jini ne ke zuba a ƙwaƙwalwarsa. Kafin a gane, lokaci ya ƙure, hannuwa da ƙafafunsa sun shanye har abada. An yi sulhu a kan diyyar da ta kai dala miliyan 71. Kalma ɗaya ce aka ɗauka an gane ta don ta yi kama da wata.

Sai wuri na ƙarshe da kalmar ta shiga, wanda ni a ganina ya fi sauran nuna halin mutanen: doka. A 1961 gwamnatin Sifaniya ta fitar da wata ƙa'ida da ta kasa sana'o'i masu illa gida huɗu: molestas, insalubres, nocivas, peligrosas. Masu damun jama'a, masu cutar da lafiya, masu ɓarna, masu haɗari. Ku lura, masu damun jama'a aka fara ambata, aka kuma fayyace su: ƙara, girgiza, hayaƙi, wari, ƙura. Ƙa'idar ta yi aiki shekaru da dama kafin sababbin dokoki su maye gurbinta. Dokar gidajen bene da mutane da yawa ke zaune a ciki, wadda aka kafa a 1960 aka kuma yi mata gyare-gyare, ita ma ta haramta "actividades molestas". A yadda take a yau, shugaban mazauna ginin zai fara gargaɗin mai damun mutane. In ya ƙi ji, mazauna su yi taro su amince a kai shi kotu. Alƙali yana da ikon hana shi zama a gidan har tsawon shekara uku, ko da shi ne mai gidan, da kuɗinsa ya saya.

An kuma gwada wannan haƙƙin na zama lafiya a gida har a wajen ƙasar. A garin Lorca, inda ake da masana'antun jima da yawa, an buɗe wata ma'aikatar sarrafa dattinsu a 1988, mita 12 daga gidan wata mata, Gregoria López Ostra. Duk wanda ya taɓa bi ta kusa da majema ya san irin warin da ake magana. 'Yarta ta kamu da rashin lafiya. Ta bi kotunan ƙasarta ba ta dace ba, ta wuce Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg. A watan Disamban 1994 kotun ta ce Sifaniya ta keta haƙƙinta na zaman lafiya a gidanta da iyalinta, ta sa a biya ta peseta miliyan 4. Bayan shekara goma, a 2004, kotun ta sake ba wata mata gaskiya, Pilar Moreno Gómez ta birnin Balensiya, wadda ƙarar gidajen rawa ta hana barci shekara da shekaru, hukumar gari tana ta ba da lasisi tana kallo.

Ko Real Madrid ba ta tsira ba. Bayan ta kashe maƙudan kuɗi ta gyara filin Santiago Bernabéu don ya riƙa karɓar manyan bukukuwan waƙa, Taylor Swift ta yi wasa a can a watan Mayun 2024, Karol G ta yi dare huɗu a watan Yuli. Maƙwabtan filin suka ce ƙarar ta wuce abin da dokar gari ta yarda, suka kai ƙara. A watan Satumba na shekarar ƙungiyar ta sanar da dakatar da bukukuwan. Ƙungiyar da ta fi kowace ɗaukar kofin Zakarun Turai, maƙwabta masu neman barci suka tsayar da ita.

Abin da nake ganin darajarsa a nan shi ne an ba ƙaramar damuwa suna, an kuma ba ta wurin zama. Ba sai jini ya zuba ba kafin a saurare ka, ba sai ka yi ihu ba. Mutum zai iya cewa "estoy molesto" tun abin yana ƙarami, cikin murya ƙasa-ƙasa, ba tare da ya zagi kowa ba, kuma wanda aka gaya wa ya san an ba shi dama ne ya gyara kafin a kai ga enfadado, balle harto. Hausa ma tana da wannan matakin. Ban ji daɗi ba. Raina ya sosu. Abin ya ɗan taɓa ni. Muna da su, sai dai in mun zo fassara labarin waje muna tsallake su mu ɗauko mafi zafi, saboda shi ne ke jan kunne.

Don haka kirana ga abokan aiki masu fassara labarai, da matasan da ke ɗauko rahoton La Liga suna watsawa a Facebook da WhatsApp: in kun ga "está molesto", ku ce bai ji daɗi ba, ko ransa ya sosu, kada ku ce ya fusata sai in sauran labarin ya nuna haka. In kun ga "es molesto", ku ce yana damun mutane. In kun ga "molestias", kada ku kwantar da ɗan wasa wata uku. 'Yan'uwa mazauna Malabo da Bata da biranen Sifaniya kuma, ku bambance es da está, ku amsa da "no" in an nemi izinin zama kusa da ku, ku gaya wa likita "me duele" in yana zafi, kuma in abin da aka yi muku ya wuce damu, ku nemi tafinta wanda ya san harsunan biyu kafin ku ba da bayani a gaban hukuma.